Ruwan Zartsi da Ruwan Teku: Maganar Wa Mai Kiwon Kifin Ado Zai Kama?

Duk wanda ya tashi a bakin Kwara, ko Binuwai, ko Tafkin Chadi ya san talibambam, kifin nan da ke cika cikinsa ya kumbura da zarar masunci ya ɗago shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wannan kifi yana da kasuwa a Turai da Amurka, ba don a ci ba, sai don a sa shi a tankin gilashi a yi ta kallo. Can suna kiransa fahaka, masana kuma Tetraodon lineatus. Ɗan ruwan daɗi ne tun daga ƙyanƙyasa har mutuwa, yana kaiwa santimita 40, kuma bai yarda da zama da kowa a tanki ɗaya ba. Kiwonsa ba ya jawo gardama. Gardamar tana kan wani ɗan'uwansa na kudu maso gabashin Asiya.

Sunan wannan Dichotomyctere nigroviridis. Kore ne shar da ɗigo-ɗigon baƙi, cikinsa fari tas, idanunsa kowanne na juyawa inda ya ga dama. A shago za ka same shi ɗan mitsitsi, santimita 3 ko 4, yana shawagi a tankin ruwan daɗi, kuma sau da yawa abin da za a faɗa wa mai saye bai wuce ya riƙa jefa masa ɗan gishiri ba. Wata uku, wata shida, kifi na ci yana wasa. Daga nan sai cikin nan nasa ya fara komawa toka-toka, ya rage cin abinci, ya lafe a kusurwa, wata safiya a tarar da shi a kwance. Mai kifi ya ce kwana ne ya ƙare, ko ya zargi abincin da ya ba shi jiya. Ba ya komawa shago da ƙorafi, don wa zai danganta mutuwar yau da maganar da aka yi masa bara? Alhali waɗanda suka daɗe suna kiwon wannan kifi sun nuna yana wuce shekara goma, ya kai santimita 15, idan ana ƙara masa gishirin teku yana girma, an ba shi fili, an kuma ba shi dodon koɗi da ƙaguwa yana fasawa, saboda haƙoransa ba sa daina tsiro.

Akuya idan ta ci abin da bai dace ba, kafin gari ya waye makiyayi ya gani. Kifi ba ya kuka, ba ya ɗingishi, kuma kuskuren da aka yi masa yakan ɗauki watanni kafin ya kashe shi. Shi ya sa gurguwar shawara ke daɗewa a wannan harka fiye da ko'ina: tana kashe kifin, ita kuma ta tsira, ta wuce daga shago zuwa littafi, daga littafi zuwa intanet, daga can ta dawo bakin wani mai shagon.

Abin da gishiri ke yi wa jikin kifi

Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Ruwan kogi bai kai rabin giram ba. Duk abin da ke tsakanin waɗannan biyun, shi ne ruwan zartsi. Jinin kifi kuwa, na kogi ne ko na teku, gishirinsa yana wajen sulusin na teku. Ruwa a kullum yana ratsa siririyar fata daga ɓangaren da gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya fi yawa, kuma babu inda fatar kifi ta fi siranta kamar jajayen gaɓoɓin numfashin nan da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa.

Don haka kifin kogi ruwa ne ke kutsa masa jiki dare da rana. Ba ya sha, fitsari yake ta yi tsararo, yana kuma tsinto ɗan gishirin da ke cikin ruwan ya mayar da wanda ya rasa. Na teku akasin haka: ruwan jikinsa ne ke zurarewa waje, yana tsakiyar teku amma ƙishirwa na barazanar kashe shi. Wani masanin aikin ƙoda ɗan Amurka, Homer Smith, shi ya nuna a 1930 cewa kifin teku shan ruwan gishirin yake yi. Bayan shekara biyu Ancel Keys da Edward Willmer suka bayyana ƙwayoyin halitta na musamman a gaɓoɓin numfashi waɗanda ke fitar da gishirin da ya shiga. Kifayen bakin kogi, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da teku, su ne Allah Ya hore wa juya wannan aiki gaba ko baya. Amma juyawar tana cin ƙarfi, kuma kowane jinsi da iyakar inda zai iya jurewa da tsawon lokacin da zai jure. Jurewa daban, jin daɗi daban. Kifin da ke iya yin wata biyu a ruwan daɗi lokacin ambaliya ba lallai ne ya iya yin shekara biyar a cikinsa ba.

Wanda ya san tafkin Legas ya san ruwan zartsi ba abu ɗaya ba ne. Da damina, idan Kogin Ogun ya cika ya kwararo, yawancin tafkin yakan koma kusan ruwan daɗi. Da rani teku ke turo ruwansa ta mashigin tashar jiragen ruwa, gishiri ya hau. A Saloum ta ƙasar Senegal kuwa, tun bayan farin shekarun 1970, akwai wuraren da gishiri ya ninka na teku sau biyu har fiye, amma wata karfasa mai baƙin haɓa, Sarotherodon melanotheron, tana rayuwa a ciki, ita ce kuma dai ake kamawa a Legas. To idan aka rubuta wa mutum a jikin tanki cewa kifi kaza na ruwan zartsi ne, me aka faɗa masa? Giram 3 a lita ko giram 25? Yana ƙarami ko ya girma? Kusan ba a faɗa masa kome ba.

Shahararriyar shawarar nan ta ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a kowane galan ta nuna girman giɓin. Ƙaramin cokali yana ɗaukar giram 6 ko kusa da haka, galan na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5, kuma ba kasafai mai ba da shawarar yake faɗin wanne yake nufi ba. Ko wanne aka ɗauka, abin da za a samu wajen giram ɗaya da rabi ne a lita, bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na gishirin teku ba. Ga kifin da ke neman rabin gishirin teku, wannan ruwan daɗi ne kawai. Sannan gishirin miya ba shi ne gishirin teku ba. Sodiyam da kulorayid kashi 85 cikin ɗari ne na abin da ke narke a teku. Sauran, wato magnesiyam da salfet da kalsiyam da fotasiyam da bayikabonet, su ne ke riƙe ruwan kada ya yi tsami, su ne kuma murjani da dodon koɗi ke gina jikinsu da su.

Akwai kuma rikicin suna, wanda a ganina shi ne tushen rabin ruɗanin. Shi wannan koren talibambam an daɗe ana cakuɗa shi da wasu jinsuna masu ɗigo irin nasa. Ɗaya, Tetraodon schoutedeni, ɗan Kogin Kwango ne, bai taɓa ganin teku ba. Mutum biyu za su yi ta musu, wannan ya rantse nasa ya yi shekaru a ruwan daɗi, wancan ya rantse nasa ya mutu, alhali ba kifi ɗaya suke magana a kai ba. Ko sunan kimiyyar ma ya sauya: a 2013 masanin kifaye ɗan Suwizalan, Maurice Kottelat, ya fitar da na Asiya daga zuriyar Tetraodon, don haka tsofaffin littattafai da sababbi ba sa kiransa da suna ɗaya. Haka abin yake ga kifin nan mai harbo ƙwari da tsartuwar ruwa. Toxotes jaculatrix na dazukan mangurof ne, yana son zartsi. Toxotes blythii na ƙasar Myanmar ɗan ruwan daɗi ne. A shago duk sunansu ɗaya. Kifin nan mai jan ciki na kudancin Nijeriya, Pelvicachromis pulcher, wanda ake kiwo a duniya da sunan kirib, littattafai da dama sun lissafa shi cikin masu son gishiri, alhali yawancin mazauninsa ƙoramu ne na ruwan daɗi. Ta ɗaya gefen kuma ga tarwaɗar nan mai sheƙin azurfa ta gaɓar Fasifik daga Meziko zuwa Peru, Ariopsis seemanni, ana sayar da ita ƙarama a ruwan daɗi ba tare da an ce za ta wuce santimita 30 ba, ko tana da ƙaya mai dafi, ko za ta nemi gishiri mai yawa idan ta girma.

Da an ce kifin zai yi girma, sai a ji amsar da kowa ya haddace: ai kifi daidai da tankinsa yake girma. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma shi ya sa maganar ta yi muni. Kifin da aka matse a ƙazantaccen ruwa lallai yakan tsumbure. Tsumburewa ce irin ta rashin lafiya, kuma ba ya kai shekarunsa.

Masana ma sun sha gyara maganarsu

Kada a ɗauka masu shago kaɗai ke kuskure. Tarihin kiwon halittun teku cike yake da ƙa'idojin da aka yi imani da su shekaru, daga baya aka watsar. A 1846 wata Baturiyar Birtaniya, Anna Thynne, ta ɗebo ƙananan murjani daga gaɓar Torquay ta kai su Landan, ta raya su wajen shekara uku ta hanyar sawa a riƙa juye ruwansu daga mazubi zuwa mazubi don iska ta shige shi. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye na farko da jama'a ke shiga kallo. Amma sai a shekarun 1960, da aka fara sayar da haɗaɗɗen gishirin teku a leda, sannan wanda ke nesa da gaɓa ya iya shiga harkar. Koyarwar wancan zamani ita ce tsabta tsantsa: a wanke kome, a jiƙa matattun murjani a bilic su yi fari, kada a bar wani abu mai rai sai kifin. A 1961 wani mai kiwo a Jakarta, Lee Chin Eng, ya rubuta cewa shi duwatsun teku yake ɗebowa da duk halittun da ke manne a jikinsu, ya sa kumfar iska kawai, kuma kifinsa da murjaninsa lafiya lau. Da yawa sun yi watsi da maganarsa. Sai da masu kiwo a birnin Balin suka ɗora a kan wannan tunani, har Dietrich Stüber ya raya murjanin Acropora ya yi rassa a tankinsa a shekarun 1980, abin da aka daɗe ana cewa ba zai yiwu ba. Yau duwatsu masu rai su ne ginshiƙin kusan kowane tankin teku.

Labarin bakteriya ya fi wannan ban mamaki. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a matatar ruwa da jikin duwatsu suna mayar da ita naitirait, ita ma guba, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wadda ba ta da haɗari sai ta taru. Sabon tanki yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu, kuma zuba kifi kafin lokacin shi ne abin da ya fi kashe kifin sabon shiga. Shekara da shekaru kowane littafi yana cewa masu wannan aiki su ne Nitrosomonas da Nitrobacter, har ana sayar da su a kwalba. A 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Kalifoniya suka duba ƙwayoyin gadon abin da ke cikin matatun tankuna, suka tarar Nitrospira ce ke cinye naitirait, ba Nitrobacter ba. A 2011 masu bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada suka nuna cewa a tankunan ruwan daɗi da yawa, masu cin amoniyar ma ba bakteriya ba ne, wani rukunin halittu ne daban da ake kira akiya. A 2015 kuma aka gano wata Nitrospira da ke yin aikin biyu ita kaɗai. Duk da haka, buɗe rubuce-rubucen da ake yaɗawa yau, za ka tarar da tsofaffin sunayen nan biyu suna nan daram.

Bambancin masana da sauran masu magana shi ne su sun auna, sun rubuta yadda suka auna, wani ya zo ya sake aunawa ya gyara musu. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya kamata a ɗora kowace shawara a kai. Wane jinsi takamaimai, da sunansa na kimiyya? Shekara nawa mai maganar ya yi da kifin a raye, kuma shekara nawa jinsin yake yi? Da me ya auna gishirin? Wanda ya ce kifinsa na lafiya bayan wata huɗu, gaskiya ya faɗa, amma shaidarsa ta wata huɗu ce a kan dabbar da ke yin shekara goma. Ita ma na'urar awon tana buƙatar tambaya. Haidiromita ta roba mai allura, ƙwayar kumfa ɗaya ta maƙale wa allurar sai ta ba da lamba ta ƙarya. Rifiraktomita ta fi ta, amma da yawa an ƙera su ne don awon ruwan gishirin masana'anta, sai an daidaita su da ruwan gwaji mai giram 35 kafin a yarda da su. Ruwan teku yana nuna 1.025 zuwa 1.026, kuma ɗan kaucin da ido ba ya damuwa da shi a wannan lamba gishiri ne mai yawa a jikin jatan lande.

Farin ɗigo da tafarnuwa

Babu inda gurguwar shawara ta samu wurin ɓuya kamar cutar farin ɗigo. Kifi ya wayi gari da ƙananan ɗigo fari a jiki da fikafikai, yana goga jikinsa da dutse, yana numfashi da sauri. A ruwan daɗi mai kawo ta wata ƙwayar halitta ce, Ichthyophthirius multifiliis. A teku wata ce daban, Cryptocaryon irritans. Kamanninsu ɗaya a ido, amma maganin wannan ba shi ne na waccan ba. Ta ruwan daɗi gishiri na kashe ta. Ta teku kuwa rage gishirin ne ke kashe ta.

Ga yadda ta teku take rayuwa. Tana shiga ƙarƙashin fatar kifi ta yi kwana uku zuwa bakwai tana ci. Idan ta ƙoshi sai ta saki kifin ta faɗa ƙasa, ta manne da yashi ko dutse, ta rufe kanta da ƙwanso, ta yi ta rarrabuwa a ciki. Bayan kwanaki ko makonni ƙwanson ya fashe, ɗaruruwan 'ya'ya su fito neman kifi, wanda bai samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu ya mutu. A lura da abin da wannan ke nufi: ɗigon zai ɓace da kansa cikin mako guda, ko an yi magani ko ba a yi ba. Duk abin da mai kifi ya zuba a ranar Litinin, tafarnuwa ce a abinci, ko wani ruwan kwalba da aka rubuta ba ya cutar da murjani, zuwa Juma'a zai ga kifinsa fes, ya tafi yana ba da shaida da zuciya ɗaya. Ba ƙarya yake yi ba. Idan cutar ta dawo bayan mako uku da ƙarfin da ya ninka na da, sai a ce sabuwa ce, ko a ce damuwa ce ta kama kifin. Wani lokaci kuma kifin da ya tsira yakan samu ɗan rigakafi, cutar ta lafa a tankin ba a ganinta, har ranar da aka kawo baƙon kifi.

Abin da likitocin kifi ke lissafawa a matsayin magani kaɗan ne, kuma duk da wahala. Akwai jan ƙarfe, wanda sai an riƙa auna shi kullum don tazarar da ke tsakanin mai kashe cutar da mai kashe kifin ƙanƙanuwa ce, kuma yana hallaka murjani da jatan lande da dodon koɗi. Akwai kulorokwin, maganin zazzaɓin nan da muka sani. Akwai sauke gishiri zuwa wajen 1.009 na tsawon makonni. Akwai kuma sauya wa kifi tanki duk kwana uku, a bar ƙwanson a baya kafin ya fashe, dabarar da ta fito daga aikin Angelo Colorni a cibiyar binciken kiwon kifin teku da ke Eilat. Duk a wani tanki daban ake yi, babban tankin kuma a bar shi babu kifi ko ɗaya har cutar ta mutu da yunwa. Kwana nawa? Lambar da ta yaɗu ita ce 72 ko 76, kuma asalinta rahoton da Colorni da Peter Burgess suka kawo a 1997 na ƙwanson da ya kai kwana 72 kafin ya gama fashewa. Wannan tsawo ne da ba a saba gani ba, yawanci ba sa wuce wata guda. Ga shawara mai tsauri da ke da tushe, wadda kuma mutum zai iya bin sawunta har inda ta fito. Ita ce mutane suka fi ƙi, don wa ke son kallon tanki wayam wata biyu da rabi? Tafarnuwa ta fi sauƙi, ta fi araha, ta fi daɗin ji.

Daga ina kifin ya fito

Kifin ado na ruwan daɗi yawancinsa a gona ake ƙyanƙyasarsa. Na teku har yanzu mafi yawan jinsunansa daga teku ake kamo su. Wani rahoton cibiyar sa ido kan muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Kambirij ya ƙiyasta a 2003 cewa ana cinikin kifin teku miliyan 20 zuwa 24 a shekara. Andrew Rhyne da abokan aikinsa sun bi takardun shigo da kaya na Amurka na shekara guda, suka wallafa a 2012 cewa kifi sama da miliyan 11 ne suka shiga, jinsi 1,802, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari daga Filifin da Indunusiya. Jinsi dubu ɗaya da ɗari takwas! Babu mai shago a duniya da ya san buƙatar ko da rabinsu, kuma akwai da yawa da babu wanda ya taɓa nazarin abincinsu a teku da kyau.

Wasu kuwa an san buƙatar tasu sarai, an san ba za a iya biya ba, amma ana sayarwa. Zanclus cornutus, mai dogon tutar nan a baya, soso da ƙananan halittun jikin dutse yake ci, yawanci kuma yakan rame ya mutu a tanki. Ɗan kifin nan mai tsince wa manya ƙwari a jiki, Labroides dimidiatus, ana sayar da shi a matsayin maganin farin ɗigo, alhali cutar tana ƙarƙashin fata inda bakinsa ba ya kaiwa, shi kansa yana kamuwa, kuma cire shi daga teku yana cutar da kifayen da ya bari. Ga kuma sayanaid, gubar da aka fara fesa wa kifi a Filifin tun shekarun 1960 don ya suma a kama shi cikin sauƙi. An haramta ta a can da Indunusiya, amma ba ta ƙare ba. Kifin da aka kama da ita yakan iso shago da kyan launi, ya mutu bayan makonni, mai saye ya yi ta neman laifin a ruwansa.

Adalci ya sa a faɗi cewa masu kare muhalli ma sun yaɗa maganar da ba ta tabbata ba. Bayan fitowar fim ɗin Finding Nemo a 2003, jaridu sun yi ta cewa yara sun sa an kwashe kifin Nemo daga teku. Thane Militz da Simon Foale sun duba alƙaluman ciniki a 2017, ba su ga hujja mai ƙarfi ba. Da Finding Dory ya fito a 2016 aka sake yin wannan kururuwa kan shuɗin kifin da ke cikin fim ɗin, sai binciken Diogo Veríssimo na Jami'ar Oxford da abokansa ya nuna neman bayani a intanet ne ya ƙaru, ba saye ba. Inda haɗarin yake da gaske ba a yi masa fim ba. Pterapogon kauderni, ɗan kifin tsibiran Banggai na Indunusiya, wanda namiji ke renon ƙwai a baki, ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, a 2007 aka sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa.

Labari mai daɗi shi ne ƙyanƙyasa a tanki tana ci gaba. Kifin Nemo tun farkon shekarun 1970 Martin Moe ya fara ƙyanƙyasarsa don sayarwa a Florida. A 2015 aka yi nasara da rawayan kifin Hawaii, Zebrasoma flavescens, a cibiyar Oceanic Institute, a 2016 kuma da shuɗin kifin Dory a ɗakin binciken Jami'ar Florida da ke Ruskin. Kifin da aka haifa a tanki ya saba da abincin gwangwani, bai sha guba ba, bai yi doguwar tafiya daga hannun masunci zuwa dillali zuwa jirgi ba. Kifin Nemo irin wannan ba ya buƙatar anemoni, halittar nan mai kama da fure da yake fakewa a cikinta a teku, ko da yake ana yawan cusa wa sabon shiga ita, kuma ita ce ke fara mutuwa ta ɓata ruwan.

Shawarar da aka rubuta don wata ƙasa

Saura wani nau'in kuskure da ya shafe mu kai tsaye: shawarar da take daidai a inda aka rubuta ta. Yawancin abin da ake karantawa an rubuta shi ne a Ingila da Jamus da Amurka, don gidan da ke da sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Shi ya sa hita ke kan gaba a jerin kayan saye. Tankin murjani yana son zafi tsakanin digiri 24 da 27. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda bazara ke kai digiri 40, abin nema shi ne na'urar sanyaya ruwa, wadda ta fi hita tsada da cin wuta nesa ba kusa ba. Ruwan gishiri dama bai kai na daɗi riƙe iskar numfashi ba, zafi kuma yana ƙara rage ta, don haka ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i da rana tsaka ta isa ta kashe tanki mai cike da kifi. Amoniya ma ta fi dafi a ruwan teku saboda rashin tsaminsa, ta kuma fi dafi idan ruwa ya yi zafi. Wanda ba shi da sola ko inbata da za ta riƙe famfo dare da rana bai shirya wa tankin teku ba, kome kuɗin da ya kashe a kan gilashi da fitila.

Da hunturu kuwa iska ce ke shanye ruwa. Ruwa ke tashi, gishiri ba ya tashi, don haka abin da ya ragu da ruwan daɗi tsantsa ake cike shi. Wanda ya cike da ruwan gishiri, kullum ƙara wa tankinsa gishiri yake yi bai sani ba. Ruwan ma sai an tace shi, don na famfo na iya zuwa da kulorin, na rijiya da burtsatse kuma da naitiret. Sannan a yi lissafin gishirin kansa: tanki mai lita 200 yana cin kilo 7 a zubin farko, idan kuma ana sauya kashi goma cikin ɗari kowane mako, wajen kilo 3 ke nan duk wata, kuma daga waje ake shigo da shi.

Tankin zartsi mai ɗan gishiri ya fi dacewa da irin wannan yanayi. Moli, ɗan kifin Amurka ta Tsakiya mai haihuwar 'ya'ya a raye, yana rayuwa tun daga ruwan daɗi mai tauri har cikakken ruwan teku, yana kuma jure zafi. Gaɓar Afirka ta Yamma ma tana da nata. Akwai Monodactylus sebae mai faɗin jiki da ratsin baƙi, sai dai yana son garke da tanki mai zurfi, da ƙarin gishiri idan ya girma. Akwai kuma Periophthalmus barbarus, kifin nan mai idanu a saman kai da ke tsalle-tsalle a taɓon dazukan mangurof na Neja Delta. Shi yawancin yininsa a waje da ruwa yake yi, yana shaƙar iska ta jiƙaƙƙiyar fatarsa da cikin bakinsa, don haka ɗaukewar wuta ba ta yi masa illar da take yi wa sauran. Tankinsa rabi tudu ne rabi ruwa marar zurfi, da murfi mai kyau don ya riƙe danshi ya kuma hana shi fita, kuma mazansa suna faɗa a kan wuri, ba a haɗa biyu a ƙaramin fili.